Shekara 14 ina wayarin, wai sa hannuna bai isa ba

Mai Wayarin: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Bara na canza wa ɗan baffana akwatin rarraba wuta a gidansa na Birmingham a Ingila, na cire tsohon mai fis na saka na zamani, na kuma ja sabon layi zuwa ɗakin da ya ƙara a baya. Na gwada komai da na'urata, na cike takardar shaidar aiki yadda BS 7671, kundin ƙa'idojin wayarin na Birtaniya, ya tanada, na sa hannu. Yanzu zai sayar da gidan, lauyan mai saye ya ce ba wannan takardar yake nema ba, wai sai ta bin dokar gini. Muka tuntuɓi ƙaramar hukuma, suka ce tunda ba a sanar da su kafin a fara ba, sai an biya su turo wani ya duba. Kuɗin ya fi ladan da na karɓa. Shekara 14 ina wannan sana'a, 9 a Kaduna, 5 a nan. Ƙwararre kamar ni a ce wani yaro ne zai zo ya bi bayan aikina? Wannan tatsa ce kawai aka sa mata rigar doka.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ka yi haƙuri, amma kana da rajista da NICEIC ko NAPIT, ƙungiyoyin da ke yi wa masu wayarin rajista?

Mai Wayarin: Ina da shaidar bugu na 18 na BS 7671, ina da shaidar 2391 ta gwaji da bincike. Me kuma ya rage?

Injiniya: To ai nan gizo ke saƙar. Tun 1 ga Janairu 2005 Sashen P na dokar gini, wanda ya shafi wayarin gidaje, ya fara aiki. A Ingila, bayan gyaran 2013, aiki uku ne dole a sanar: sabon layi, canza akwatin rarraba wuta, da taɓa wayar da ke kusa da baho ko shawa. Kai biyu daga ciki ka yi. Wanda ke da rajista shi yake shaida aikinsa da kansa, ya tura wa ƙungiyarsa, ita ta sanar da ƙaramar hukuma, takarda ta iso wa mai gida. Wanda ba shi da ita, ko ya sanar da ofishin kula da gine-gine kafin ya kwance ƙusa ɗaya, ko ya nemo mai rajistar shaida aikin wani tun kafin a fara. A idon dokar nan ba ka cikin ƙwararrun da ke shaida kansu.

Mai Wayarin: Ni ne ba ƙwararre ba?

Injiniya: Ba haka na ce ba.

Alhajin Leeds: Haka ka ce mana, ga shi nan a rubuce. Injiniya, kai da ko ƙwan lantarki ba mu taɓa ganin ka canza ba, kullum kana gaban kwamfuta, kai ne za ka cire mutum daga sahun ƙwararru?

Maman 'Yan Biyu: Ni dai kalmar nan ta ishe ni. Wani "ƙwararre" daga cikin 'yan uwanmu ya saka min soket biyu a kicin, duk ran da na kunna tukunyar shinkafa da butar shayi tare sai gidan ya yi duhu. Na kira shi sau huɗu, amsarsa ɗaya: Hajiya ki riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya.

Mai Wayarin: Hajiya, don Allah ki bayyana cewa ba ni ba ne.

Maman 'Yan Biyu: Ban kira suna ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Ɗan Glasgow: Mu a Sikotland ba mu san wani Sashen P ba, tsarinmu daban ne. Ku ne kuka ɗora wa kanku.

Mutumin Cardiff: A Wales kuwa aikin kicin ma sai an sanar, ba su sassauta yadda Ingila ta yi ba. Da a nan Hajiya take, da ta kama mutuminta da hujja.

Alhajin Leeds: Ku bar kewaye-kewaye. Ƙwarewa a hannu take. Wanda ya yi wayarin gidanmu na Zariya bai iya rubuta sunansa ba, yau shekara 30 ko fis bai ƙone ba.

Mutumin Cardiff: Alhaji, wutar da ke zuwa awa uku a rana ta ina za ta ƙona fis?

Alhajin Leeds: Yaro, da ubanka nake wasa ba da kai ba.

Malamar Jinya: Ni abin da nake so in sani, idan takarda ba komai ba ce, me ya sa mu da muka shekara muna aiki a asibitocin gida sai da muka sake jarabawa kafin a bar mu mu taɓa majinyaci? Ba mu ce an ci mutuncinmu ba. Kuma a gida ma ai akwai hukumar NEMSA da ke ba masu wayarin shaida, mutane ne ba sa nema, sai kasuwa ta kama da wuta a ce ƙaddara.

Alhajin Leeds: Yanzu kuma ƙaddara za ki musanta? A'uzu billahi.

Malamar Jinya: Ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali, Alhaji, kai ka koya mana a tafsirin bara.

Injiniya: Jama'a, kalmar "ƙwararre" da dokar ta yi amfani da ita tana nufin wanda wata ƙungiya ke zuwa duba samfurin aikinsa lokaci-lokaci, yana da inshora, na'urarsa an daidaita ta. Ba a ce wanda ba ya ciki bai iya aiki ba.

Mai Wayarin: Ƙungiyar da za ka biya ta duk shekara kafin ta ce ka iya. Ni da nake aiki a kamfani, gida biyu ko uku nake yi a shekara don zumunci, ina ribar?

Maman 'Yan Biyu: Zumunci? Fam 80 aka karɓa a hannuna.

Ɗan Glasgow: Tunda an zo maganar kuɗi, waɗanda ba su biya na walimar Sallah ba har yanzu su ji tsoron Allah. Mu ne muka taso daga nesa kuma mu ne muka fara biya.

Alhajin Leeds: Wa ya ce ka taso? Naman ma ku kuka cinye.

Mai Kula da Zaure: Ya isa haka. Ga taƙaitawa. Kowa ya yarda ɗan uwanmu ƙwararre ne, ni shaida ne, shi ya yi min wayarin shagona kuma tun Kaduna na san shi. An kuma fahimci cewa tsarin nan an yi shi ne don manyan kamfanoni su ci, ƙaramin ma'aikaci ya sha wahala, Injiniya da kansa ya amince a ƙarshe. Hajiya ta janye zarginta. Ɗan baffan nasa ya je ya biya kuɗin kawai a wuce wurin, Allah ya saka masa. Maganar walima a kai ta ga ma'aji.

Injiniya: A ina na amince?

Maman 'Yan Biyu: Ni ban janye komai ba, har yanzu ɗaya bayan ɗaya nake kunnawa.

Mai Kula da Zaure: Na rufe sai bayan Isha.