Farar shadda tana komawa ruwan hoda a monita, a laftof kuma lafiya lau

Mai Hoto Gusau:

Assalamu alaikum. Don Allah masu ilimin kwamfuta ku agaza mini, yau kwana 4 ke nan abin nan ya hana ni sakat.

Sana'ata ɗaukar hoto, ina da ɗan shago a Gusau, biki da suna da fasfo. Laftof ɗina inci 14 ce, idona ya fara gajiya da ƙanƙantar fuskarta, shi ne na sayi monita ta hannu mai inci 24. A wurin mai kayan an jona ta a gabana, kala tas, babu abin da zan kushe. Da na kawo ta shago sai na tarar laftof ɗin ramin jona allo irin na HDMI kaɗai gare ta, ita kuwa monitar ba ta da shi. Ramuka biyu ne a bayanta, shuɗi irin na VGA da wani fari mai faɗi wanda ban san aikinsa ba. Sai na sayo ɗan adaftan nan mai juya HDMI zuwa VGA, na zaro wata tsohuwar wayar VGA daga kwalin kayan yayana na haɗa.

Hoto ya fito, amma duk wani fari ya rine kamar an watsa masa zoɓo. Babbar rigar ango farar shadda ce sol, a monita ta zama ruwan hoda mai duhu. Ciyawar wurin da muka yi hoton ta kusa zama baƙa. A fuskar laftof kuwa komai daidai yake. In na taɓa wayar ta baya, wani lokaci kalar takan dawo na ɗan lokaci ta sake gudu.

Na kashe na kunna, na sabunta direba, wato manhajar da ke sarrafa hoton kwamfutar, shiru. Jiya da dare na kai laftof ɗin gida na jona ta da talabijin ta HDMI kai tsaye. Can babu ruwan hoda, amma baƙi ya koma toka-toka, hoton kamar an ɗauka cikin hazo.

Ranar Juma'a zan miƙa hotunan bikin, ban ko kai rabi ba. Mai kayan ya ce in mayar da ita in cika kuɗi ya ba ni wata. Monitar ce ta lalace, ko laftof ɗin ce?

Ɗan Makaranta:

Wa alaikumus salam. Yaya, duba Night light a cikin saitin Display, wataƙila a kunne yake. Ni ma tawa ta taɓa canza kala, ashe shi ne. Ka kuma gwada danna maɓallin Windows da Ctrl da C tare, ko tacen kala ne ya kunnu ba ka sani ba.

Injiniya Kano:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Mai Hoto, kada ka mayar da monitar nan, kada kuma ka cika wa kowa ko sisi tukuna. Ai kai da kanka ka faɗi ciwon tun da ka ce in ka taɓa waya kalar na dawowa. Saitin cikin kwamfuta ba ya gyaruwa don an girgiza waya.

Ƙanena Ɗan Makaranta, shawararka tana da amfani a wani wurin, amma ba nan ba. Night light shuɗi yake ragewa, sai fuska ta yi ruwan ɗorawa-ɗorawa, kuma da shi ne da har fuskar laftof ɗin ta canza.

Ga yadda abin yake. VGA tsohon tsari ne, kamfanin IBM ya fito da shi tun 1987, kuma kowace kala da hanyarta take bi. In ka kalli kan wayar za ka ga tsinkaye 15 a layi 3. Tsinke na 1 shi ke ɗauke da ja, na 2 kore, na 3 shuɗi. Na 6 da 7 da 8 a layin tsakiya su ne abokan dawowarsu. Farin da kake gani a monita ba wata kala ba ce daban, ukun nan ne suke haɗuwa. To in kore ya yanke a hanya, ja da shuɗi ne kawai suka saura, su ne ke ba ka wannan ruwan zoɓon, kuma duk abin da yake kore zai yi baƙi saboda babu mai haska shi. Ka ga dalilin da ciyawarka ta yi duhu. Da ja ne ya yanke, da farin ya koma ruwan omo. Da shuɗi ne, da ya koma rawaya. Na fi shekara 10 ina gyara, da kalar kaɗai nake gane tsinken da zan duba kafin in taɓa wayar.

Kafin komai, danna maɓallin menu da ke jikin monitar. Wannan ɗan akwatin rubutun da ke fitowa, ita monitar ce ke zana shi da kanta, ba ya biyowa ta waya. In farinsa fari ne, to gilashinta lafiyayye ne, ka cire ta daga zargi. In shi ma ya rine, to a lokacin ne za a yi maganar mayarwa.

Sai ka zare wayar VGA, ka haska kawunanta biyu da tocilan wayarka. Akwai lambobi ƙanana a jikin robar da tsinkayen suka fito, ka nemo na 2. Sau da yawa za ka same shi ya kwanta, ko ya shige ciki ya fi 'yan'uwansa gajarta. In kwanciya ya yi, samo fensirin nan mai cin siririn gawayi, cire gawayin, ka zura bakinsa a kan tsinken ka miƙar da shi a hankali. Sau ɗaya za ka tanƙwara, in ka yi ta kai da kawowa zai karye. In ka ga gurbi ɗaya babu tsinke a layin tsakiya, wato na 9, kada ka tsorata, wayoyi da yawa haka ake ƙera su. Ka busa ramin monitar da na adaftan, ƙurar hunturu tana cika su, sannan in ka mayar ka ɗaure sukurorin nan biyu. Mutane suna raina su, alhali nauyin waya kaɗai yana isa ya janye kan ya bar tsinke ɗaya a sama.

In tsinkaye duk a miƙe suke, to ko waya ta tsinke a ciki kusa da wuya, ko adaftan ne. Ari wata wayar ka gwada, ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya don ka san mai laifin.

Amma abin da na fi so ka ji shi ne wannan farin ramin da ka ce ba ka san aikinsa ba. DVI ne. Shi da HDMI harshe ɗaya suke yi wajen hoto, ba su bukatar tafinta. Nemi waya guda, kai ɗaya HDMI ɗaya kan DVI, babu akwati a tsakani. Tana ɗaukar hoto mai ɗigo har 1920 a kwance da 1200 a tsaye lafiya lau. Sauti ne galibi ba za ka samu ba, kai kuma ba shi kake nema ba. Yanzu hotonka yana fita daga laftof a lambobi, adafta ya mayar da shi igiyar wuta, monita ta sake mayar da shi lambobi, kowane juyi da ɗan abin da yake ci. Ga mai kallon fim ba komai. Ga mai gyara fuskar amarya, asara ce.

Abban Ilham:

Injiniya ya gama magana a kan ruwan hodan. Ni kan talabijin zan tsaya, don matsala ce daban, kada ka haɗa su ka ɗauka laftof ɗinka ce ke mutuwa.

Kwamfuta tana ƙirga haske daga 0 zuwa 255, 0 baƙi ƙirin, 255 fari fat. Tsarin bidiyo na talabijin kuma daga 16 zuwa 235 yake ƙirgawa. In aka jona HDMI, wani lokaci kwamfuta kan aika na 16 zuwa 235 alhali allon yana jiran na 0 zuwa 255. Sai ya karɓi 16 ya nuna shi a matsayin toka mai duhu, fari ma ya dusashe. Hazon da ka gani ke nan. In aka yi akasin haka, sai duhu ya haɗiye komai, baƙar hula da gashin kai su zama abu ɗaya.

In na'urar hoton laftof ɗinka ta kamfanin Intel ce, shiga manhajar saitin hotonta, ƙarƙashin Display ka nemi Quantization Range ka sa Full. In NVIDIA ce, a Change resolution akwai Output dynamic range, shi ma Full. Sannan ka shiga saitin talabijin ɗin, Samsung suna kiransa HDMI Black Level, LG kuma Black Level, ka canza har baƙi ya zauna daidai. Muhimmin abu dai su biyun su yarda da ƙirge ɗaya. Ka kuma leƙa ko HDR, wato saitin da ke faɗaɗa tazarar haske da duhu, a kunne yake a Windows, don a allon da ba shi da ƙarfinsa yana sa komai ya koɗe.

Amma don Allah kada ka gyara hoton mutane a talabijin. An saita ta ne ta ƙara wa kala gishiri don ta burge mai kallo.

Mai Hoto Gusau:

Alhamdu lillahi. Injiniya, Allah ya saka da alheri, ya ji ƙan mahaifa. Na danna menu, fari ne tas. Na haska wayar, wallahi tsinke na 2 ne ya kwanta ya jingina da na kusa da shi, a kan da nake sawa cikin adafta. Ina jin ni na danne shi ranar farko da na tura kan a karkace. Na ari fensirin ɗiyar maƙwabcina na miƙar da shi, shaddar ango ta dawo fara. Wayar DVI kuma na ba direban da ke zuwa Kano saƙo, gobe in sha Allah.

Abban Ilham, na gode, na sa Full, talabijin ta washe.

Saura abu biyu. In an ɗauke wuta na tayar da janareta, sai in ga wasu layuka suna hawa a hankali a monitar kamar ruwa. Na biyu, ko yanzu kalar ba ta zama ɗaya da ta laftof ba. Atamfar uwar amarya a monita ja ce sosai, a laftof ta fi kama da ruwan goro, fuskokin mutane kuma a monita sun ɗan yi shuɗi-shuɗi. Wacce zan gaskata?

Injiniya Kano:

Amin, Malam. Layukan nan dattin wuta ne ke shiga wayar VGA. In sun fara, zare cajar laftof ka bar ta a batir, in sun ɓace ka tabbatar. Wayar DVI in ta iso da wuya ka sake ganinsu.

Maman Zane:

Sannu ɗan'uwa. Ni katin biki da kalanda nake yi a CorelDRAW da Photoshop, tambayarka ta biyun nan ta ci mini takarda da tawada ba kaɗan ba kafin in gane ta.

Kada ka wahalar da kanka wai sai sun zama ɗaya, ba za su zama ba. Laftof da yawa masu sauƙin kuɗi fuskarsu 45% NTSC ce, wato kashi 45 cikin ɗari na kalolin wani ma'auni mai suna NTSC kaɗai take iya nunawa, in ka duba takardar bayaninta haka za ka gani, ba ta iya fitar da cikakken ja ko cikakken kore. Shi ya sa jar atamfa ke komawa ruwan goro. In kuma tana canza haske duk lokacin da ka ɗan ɗaga murfin ko ka sunkuyar, to ka san ba abin dogaro ba ce. Akwai alamar monitar ta fi ta gaskiya, sai dai tana son saiti.

Fara da mayar da ita saitin kamfani daga menu, don ba ka san abin da mai ita na farko ya murɗa ba. Shuɗin da kake gani a fuskoki, ina zargin an bar saitin ɗumin kalarta a 9300K ko Cool, wanda ke karkata zuwa shuɗi. Mayar da ita 6500K, in kuma tana da zaɓin sRGB, wato ma'aunin kala na gama-gari, to shi za ka ɗauka. Rage haskenta sosai. Yawanci ana barinsu a ƙure, kai kuma sai ka ga hoto ya yi haske ka rage masa, a wanko shi ya fito da duhu, ka ɗora wa mai wanki laifi. Nakan buɗe farin shafi in riƙe farar takarda kusa da shi a hasken shagona, in yi ta ragewa har su kusanci juna. Ka bar ta ta yi kamar minti 30 a kunne kafin ka yanke hukunci a kan kala, kuma kada hasken ƙofa ya riƙa dukan fuskarta.

Bayan nan ka danna Windows da R, ka rubuta dccw, ka ja tagar zuwa kan monitar ka bi matakan. In ka ga fari ya yi rawaya a cikin Photoshop kaɗai amma ko'ina lafiya, rubuta colorcpl, zaɓi monitar, ka sa mata sRGB IEC61966-2.1. Akwai na'urar da ake ratayawa a fuskar monita ta auna kala da kanta, irin su Spyder, ita ce gaskiyar aiki in hali ya samu.

Kafin Juma'a dai ga abin da zan yi in ni ce. Zaɓi hoto 3, ɗaya mai farar shaddar nan, ɗaya mai jar atamfa, ɗaya fuskar amarya kusa-kusa da lallenta. Gyara su a monita, ka ajiye su a sRGB, ka kai wurin da kake wanki a fitar maka tun gobe. Dawo da su ka riƙe kusa da monitar da rana. Abin da ya bambanta shi za ka gyara a saitinta, sannan ka shiga sauran.

Mai Hoto Gusau:

Hajiya, na duba yanzu, a 9300K take, hasken kuma 100. Na mayar 6500K, na sauke hasken zuwa 35, fuskokin sun dawo irin na mutanen da na sani. Na ware hotuna ukun a filash, da safe zan kai wanki kafin in buɗe shago. Allah ya bar zumunci.