Janareta na girgiza gidan maƙwabta, roba zan sa ko sifirin?

Abban Sadiq: Salam 'yan uwa. Shagon ɗinki gare ni a Anguwan Rogo, na sayi janaretan dizal na hannu mai juyi 1500 a minti, yana bayan shago kan daɓen siminti kuma robobin da ya zo da su duk sun taurare. Yau Hajiya maƙwabciyata ta aiko yaro wai kwanukanta na rawa a kabad, abin ya fi muni lokacin da nake kashe shi, sai ya yi wata irin jijjiga kafin ya tsaya. Roba zan canza, sifirin zan sa, ko kankare zan zuba? Kuɗin abu ɗaya ne a hannuna.

Ɗan Gangare: Sayar da shi ka sa sola ka huta malam.

Maman Hanif: Mu tsohuwar taya muka saka ƙarƙashin namu, shekara biyu kenan lafiya lau.

Baba Mai Niƙa: Ɗana kar ka kusanci sifirin. Ni injin niƙa gare ni a Farin Gada, wani yaro ya kawo min guda huɗu wai na waje ne, ranar da muka tayar inji ya dinga tsalle kamar ɗan maraƙi, bel ya tsinke, bututun mai ya tsage, garin masarar mutane kwano goma ya sha dizal na biya daga aljihuna, yaron kuma har yau wayarsa a kashe. Bango ya tsage mai gida ya ba ni notis, shekara tara ina wurin.

Injiniya Bukur: Baba Allah ya mayar da alheri, amma ba sifirin ne ya cuce ka ba, wanda bai dace da nauyin injinka ba aka ba ka. Duk inji da ke zaune kan roba ko sifirin yana da saurin rawar kansa, nauyi da taurin abin da ya hau su ke yanke shi. In bugun inji ya zo daidai da wannan rawar sai girgiza ta ninka. Abban Sadiq naka mai juyi 1500 a minti na bugu 25 a sakan. In sifirin ya lotsa santimita 1 da nauyin janaretan, rawarsa kusan 5 ce a sakan, abin da zai kai ƙasa bai wuce kashi 4 ko 5 cikin 100 ba. In kuwa milimita 1 ya lotsa rawar ta kai wajen 16, kusan banza ne. Sai bugun inji ya haura ninki 1.4 na rawar kafin ma a fara samun sauƙi. Jijjigar kashewa kuma, juyin ne ke sauka yana ratsa daidai saurin rawar, nan roba ta fi sifirin zalla don tana shanye girgiza kamar shokozoba.

Baba Mai Niƙa: Lissafin takarda. Ka taɓa ɗaga inji da hannunka?

Injiniya Bukur: Na ɗaga Baba, shi ya sa nake cewa ya auna lotsawar da ruler kafin ya biya.

Ɗan Gangare: A Dilimi na sayi mawuntin, wato robar da inji ke zama a kai, guda huɗu 9,000.

Sani Walda: Wane 9,000? Satin jiya 26,000 aka ce min, naka na taya ne aka yanka aka shafa fenti, wata uku ya farfashe. Kuma mai ko dizal ya zuba masa ya gama aiki.

Ummu Aisha: Ku ce wa Hajiya tausa ake mata kyauta 😂

Abban Sadiq: Don Allah kankaren fa? Ba wanda ya ce komai a kai.

Sani Walda: In gidan haya ne kar ka zuba ko bokiti ɗaya. Ni na zuba da kuɗina, da zan tashi mai gida ya ce in fasa in gyara masa daɓe, ya kuma riƙe sauran kuɗin hayata na wata huɗu.

Baba Mai Niƙa: Ai nawa ƙofar ƙarfen da na sa ma ya hana ni cirewa.

Maman Hanif: Namu bana sau biyu yana ƙara kuɗi, ga rufi na yoyo tun damina ya ƙi leƙowa. Wa ya san inda ake kai ƙarar irin wannan a Jos?