Neman taimako kan kolbak a libmemcached

Assalamu alaikum. Ina rubuta manhaja da harshen C da libmemcached, wato laburaren da manhaja ke amfani da shi wajen hulɗa da ma'ajiyar wucin gadi ta memcached, kuma na yi amfani da memcached_callback_set wajen saita kolbak (aikin da laburaren ke kira da kansa idan wani abu ya faru) na MEMCACHED_CALLBACK_GET_FAILURE, domin idan ba a sami mabuɗi (sunan da ake neman bayani da shi) a ma'ajiyar wucin gadi ba, a ɗauko bayanin daga rumbun bayanai a adana shi.

Da memcached_get komai yana tafiya daidai. Amma idan na nemi mabuɗai da yawa a lokaci guda da memcached_mget, sam ba a kiran kolbak ɗin, ga shi kuwa nan ne nake da matuƙar buƙatarsa.

Shin haka aka tsara laburaren, ko akwai saitin da ya rage? Idan haka tsarin yake, wace hanya kuke bi wajen gano mabuɗan da ba su dawo ba? Na gode.