Neman bayani game da bikin littattafan zane na birnin Angoulême

Ɗan Damagaram:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ni ɗalibi ne a birnin Poitiers na ƙasar Faransa, kuma tun ina ƙarami nake zana labarai a bayan littattafan makaranta, irin waɗanda mu a Nijar muke kira BD, wato labarin da ake bayarwa cikin jerin zane-zane, maganar kowa tana fitowa a wani ɗan da'ira kusa da bakinsa. Wani abokin karatuna ya matsa mini in je bikin da ake yi wa irin waɗannan littattafai a Angoulême a ƙarshen watan Janairu, tunda tafiyar kamar sa'a guda ce a jirgin ƙasa. Abin da nake son sani shi ne, me ya kai biki mai suna haka wani ƙaramin gari, alhali ga Paris? Sannan shin mai zane irina, wanda ba a taɓa buga masa ko shafi ɗaya ba, zai amfana da zuwa, ko kuwa kallo kawai zan yi in dawo da aljihu wayam?

Tsohon Malamin Faransanci:

Wa alaikumus salam, ɗana. Zan amsa tambayarka ta farko, ta biyun kuwa in bar wa waɗanda ƙafarsu ta taka wurin.

An fara wannan biki a watan Janairu na 1974, kuma mutum uku ne ake ambata a matsayin waɗanda suka assasa shi: Francis Groux da Jean Mardikian, 'yan majalisar garin a lokacin, da Claude Moliterni, masanin wannan fanni. Sun ɗauki darasi daga bikin birnin Lucca na Italiya, wanda ya riga nasu. Wannan asali shi ne amsar tambayarka, domin hukumar gari ce ta rungumi abin tun yana jariri, ta sa masa kuɗi, har ma babbar lambar yabon da ake bayarwa sunan garin take ɗauke da shi. André Franquin ɗan Beljiyam ne ya fara karɓarta a 1974, Will Eisner ɗan Amurka ya biyo baya a 1975. A Paris, da bikin ya ɓace cikin ɗaruruwan taruka, amma a garin da mazaunansa ba su wuce dubu arba'in da 'yan kai ba, ya zama shi ne tufar da garin yake ado da ita.

Akwai kuma tsohuwar alaƙa da takarda, domin tun ƙarnoni da suka wuce masana'antun takarda suke jere a bakin kogin Charente da ya ratsa ta gindin garin. Da wannan sana'a ta ja baya, sai garin ya kama zane: aka kafa makarantar koyar da shi, aka buɗe gidan adana kayan tarihinsa, wanda tun 2009 yake cikin wasu tsofaffin ɗakunan ajiya a bakin kogin. A 2019 hukumar UNESCO ta sa Angoulême cikin biranen adabi. A ganina, wannan jajircewar ta shekara hamsin ita ce ta fi bikin kansa ban sha'awa.

'Yar Zango a Bordeaux:

Ƙanena, na je sau biyu, kuma shawarata ita ce ka je, amma ka san abin da za ka tarar. A lokutan da na je, kwana huɗu aka yi, daga Alhamis zuwa Lahadi, cikin tsananin sanyi, sau da yawa har da yayyafi. Tsohon garin a kan tudu yake, saboda haka daga tashar jirgi hawa za ka yi, kuma tun a hanya za ka fara ganin bangon gidaje masu hawa uku ko huɗu an mamaye su da zane, allunan sunayen tituna ma an yanka su da siffar da'irar nan ta magana. Ana kafa manyan rumfunan tanti a filayen gari, na manyan kamfanonin ɗab'i daban, na ƙananan masu buga littafi daban, ga kuma ɓangaren littattafan Japan da ake kira manga, inda matasa suke cincirindo.

Abin da ba zan manta ba shi ne layin sa hannu. Na tsaya kusan sa'a biyu riƙe da littafi, a gabana wani dattijo mai furfura da jakar baya cike da nasa littattafan, ya zo har da 'yar kujerarsa ta naɗewa. Da layi ya zo kaina, mai zanen ya tambayi sunana, ya buɗe shafin farko, ya ɗauki alƙalaminsa, cikin minti biyar ya zana mini fuskar jarumar labarin tana ɗaga hannu, sannan ya hura tawadar don ta bushe kafin ya miƙo mini. Ranar na daina cewa wannan abu na yara ne.

Game da zanenka, akwai rumfar da aka keɓe wa masu tasowa, inda ake baje ayyukan waɗanda suka yi fice a gasar sababbin masu zane, kuma a kan sami ma'aikatan kamfanonin ɗab'i da suke duba aikin matasa. Ka zaɓi shafi shida ko takwas na labari guda da ya kammala, domin su abin da suke nema shi ne ko ka iya tafiyar da labari daga wannan akwati zuwa wancan. Ka je ranar Alhamis ko Jumma'a, Asabar ba a samun masaka tsinke. Kada ka yi tunanin kwana, domin a zuwana na farko wanda ya yi mini alkawarin ɗaki ya janye ana saura kwana uku, ya ba wanda ya fi ni kuɗi. Tunda Poitiers kusa take, ka yi sammako ka dawo da dare, kuma ka tabbatar da ranakun bikin kafin ka yanki tikiti.

Mai Alƙalami, Kano:

Ban musa abin da Malam da 'yar'uwarmu suka faɗa ba, sai dai kada mu wanke bikin tas. A 2016 masu shirya shi sun fitar da sunaye 30 na waɗanda za a zaɓi mai karɓar babbar lambar yabon shekarar daga cikinsu, babu mace ko ɗaya, har wasu daga cikin mazan, irin su Riad Sattouf, suka ce a cire sunayensu, dole aka janye jerin. Kafin lokacin Florence Cestac ce kaɗai macen da ta ci wannan lambar ta shekara-shekara, a 2000, sai daga baya Rumiko Takahashi ta Japan ta samu a 2019. Ƙofar 'yan Afirka ma ƙarama ce, ko da yake ba a kulle take ba, tunda a 2006 labarin Aya, wanda Marguerite Abouet 'yar Kodebuwa ta rubuta kan rayuwar unguwar Yopougon ta Abidjan, ya ci lambar littafin farko. Abin da ya ɗaga shi shi ne ta ba da labarin unguwarsu yadda take, da gulmarta da raharta. Kuma in don baje koli ne, birnin Aljas na ƙasar Aljeriya yana da nasa bikin tun 2008, Legas ma tun 2012.

Ɗan Damagaram:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ina da wani labari da na fara kan wani mai dukan tukunya a Birni, unguwarmu a Zinder, da rigimarsa da maƙwabcinsa kan hayaƙi, shafi biyar na gama. Zan ƙarasa sauran uku kafin Janairu. Yaya, wata 'yar tambaya: maganganun da ke cikin da'irar da Hausa na rubuta su, shin in mayar da su Faransanci, ko in bar su yadda suke in haɗa da fassara a wata takarda daban?