Ɗan makullin shiga ordinater ya ishe ni, ku yaya kuke da naku?

Maman Ummi: Salamu alaikum ƴan zaure. Don Allah wa aka ba ɗan makullin nan YubiKey a sarwis ɗinsu? Mu watan jiya aka raba muna, wai modepas kaɗai bai isa ba sai ka soka shi a ordinater ka taɓa. Yau sai da na tsallake gadar Kennedy daga Harobanda na kai Filato sannan na tuna yana cikin jakar da na tahi biki da ita, haka na sake ɗaukar taksi na koma, shef na kallona kamar na kashe mutum

Ɗan Ader: Hhhh sannu yaya. Ni da makullin moto na haɗa nawa, in babu shi moto ma ba ta tashi

Baban Sani: Ke gara ke. Nawa ƙaramin ne Nano mai zama a jikin ordinater, hannuna ya goge shi sai ya zuba cccccc da wasu haruffa barkatai ya aika da kanshi, kuma direkta nike rubuta ma saƙo wallahi

Ɗan Anformatik: Baban Sani wannan OTP ne, wato modepas mai aiki sau ɗaya, haruffa 44, in sarwis ɗinku ba su aiki da shi ka shiga aplikasyon ɗin makullin, Yubico Authenticator, ka kashe shi. Maman Ummi ke kuma ki nemi su ba ki na biyu, a yi rajistarshi a ajiye a durowar biro, rabin kukan da ake kawo muna ke nan, an raba ɗaya ɗaya don tsimi. Kuma hattara da PIN, kuskure 8 ya kulle, sai a goge shi kaf a sake rajista

Maman Ummi: To ƙanena mi ya hana a bar mu da lambar SMS ɗinmu lahiya lau?

Ɗan Anformatik: Lambar SMS ɓarawo na iya kiranki ya ce daga banki ne ki karanto mishi da bakinki, ko ya sa a sake mishi layinki. Makulli shi adireshin shafi yake dubawa, in na bogi ne ba ya amsawa ko kin taɓa sau ɗari. Google a 2018 sun ce tun da suka tilasta ma ma'aikatansu sama da 85,000 aiki da makulli a 2017 ba a sake yaudarar ko ɗaya an shiga asusun aikinshi ba

Baban Sani: Ni da hunturu ma ƙin yatsana yake

Ɗan Anformatik: Bushewa ce baba, ba zanen yatsa yake karantawa ba, ɗan shafa mai kaɗan

Ɗan Ader: Yaya in za su ba ki na biyun ki ce mai NFC, manna shi kike a bayan waya, ba batir ba caji. Adaftater ɗin USB-C kuwa akwai a Babbar Kasuwa

Maman Ummi: Nawa suke sai da shi? Kar a tsuga mini kuɗi