Igiyoyin injin tsayar da sandunan bolin suna sarƙewa, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman kafintoci da masu gyaran injina. Daga Aboabo nake, nan Kumasi. Na haɗa wa yaran gidanmu ɗan filin wasan bolin (wasan da ake gangara ƙwallo ta zubar da sanduna) na katako, tsawonsa mita 3, da sanduna 10 da aka sassaƙa kamar kwalba. So nake inji ya riƙa tsayar da su bayan ƙwallo ta zubar.

Kowace sanda na ɗaura mata igiyar nailon a ka, ta bi ta ramin allo a sama, moton waifar mota da na sayo a Suame Magazine, kasuwar kayan gyaran motoci ta nan Kumasi, yana ɗaga su gaba ɗaya da batir. Ɗagawa kam lafiya lau. Amma da ƙwallo ta daka, igiyoyin sanduna huɗu na sahun baya sai su nannaɗe juna, moton ya yi ta gurnani har ya ɗau zafi. Ko na warware, wajen saukowa sandunan lilo suke, biyu ko uku su kife.

Na sauya igiya mai kauri, na rage tsawonta, ba ta canja zani ba. Sati uku ke nan, yaran kullum sai sun tambaye ni. Ramukan ne suka yi faɗi, ko gudun moton zan rage? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.