Zan kai iyali Agadas hutun Disamba, waɗanda suka taɓa zuwa ku ba ni haske

Baban Walid: Salamu alaikum. Na samu hutun kwana biyar ƙarshen Disamba, ina so in tashi daga Kano da maiɗakina da yara biyu, ɗan shekara 9 da 'yar shekara 6. Burinmu mu ga hasumiyar masallacin Agadas da fadar Sarkin Abzin, yara su hau raƙumi, in da hali mu kwana ɗaya a tuddan rairayi. Kwana biyar zai isa har da hanya? Kuma nawa ake hayar raƙumi?

Ɗan Fagge: Alhaji ka tara kuɗinka ka je Dubai, can ma akwai rairayi da raƙumi, ga na'urar sanyi a mota.

Mai Shayi: Ni da Satumba na je, lokacin bikin Kur Sale a Ingal. Abzinawa sun yi wa raƙuma ado, Bororo sun yi kwalliya. Ka bari sai Satumba.

Baban Walid: Malam, Disamba aka ba ni hutun.

Tsohon Direba: Bari in ba ka nawa labarin, ka yi hukunci. Ina sauka tasha wani yaro mai rawani har ido ya tare ni, Hausarsa fes, ya ce kakansa madugun ayarin gishirin Bilma ne. Muka yi ciniki jika 150, wato sefa dubu 150, kwana uku, zai kai ni Timiya in ga lemo da ruwa mai zubowa daga dutse. Na ba shi jika 100 kafin alƙalami. Da safe ya zo da wata tsohuwar Toyota da aka ɗaure ƙofarta da igiya. Ba mu yi awa biyu ba ta fara tafasa. Ruwan shanmu aka ɗura mata, jarka biyu, ina kallo. Nan muka yini gindin wata ƙaya, direba yana ƙarƙashin mota, yaron kuwa yana dafa shayi a gawayi kamar ba abin da ya faru, ƙaramin kofi bayan ƙaramin kofi. Da dare sanyi ya sauko, ni da 'yar shara a jikina, tabarmar sallah na lulluɓa. Washegari wata motar albasa ta maido mu gari. Da na yi maganar kuɗina sai ya ce ai saura hawan raƙumi. Bayan kasuwar dabbobi ya kai ni, aka zagaya da ni sau biyu. Har yau lambarsa a kashe.

Ɗan Fagge: Baba, ashe kai ne raƙumin, yaro ya riƙe akala.

Tsohon Direba: Ka yi dariyarka. Ba wanda ya gaya mini raƙumi da ƙafar baya yake fara tashi. Ƙahon sirdin nan mai kai uku a ƙirji ya same ni, sati biyu ina tari da dabara.

'Yar Abzin: Baba, Allah ya ba ka haƙuri, amma wa ke ɗaukar ɗan jagora a tasha? Baban Walid, ka saurare ni, nan aka haife ni. Manyan tuddan da kake gani a hoto ba a bakin gari suke ba. Kewayen Agadas tsakuwa ce da ƙaya. Tuddan Tamet da Arakaw suna can gefen hamadar Tenere, tafiyar kwanaki ce da mota mai ƙarfi, kuma yanzu ba a fita haka nan sai da izini da rakiya. Daga Damagaram zuwa nan kusan kilomita 450 ne ta Tanut da Adarbisanat, yini guda cur. Zuwa da komawa sun cinye maka kusan kwana huɗu in kana da yara. Abin da ya rage ya ishe ka tsohon gari kawai: hasumiya, mita 27 ta zallar laka, tun wajen 1515 aka gina ta, aka sabunta a 1844, sai fada, da gidan da Bature Barth ya sauka a 1850, da maƙeran azurfa. Matakalar hasumiyar tana tsukewa in an yi sama, mai tumbi ya yi tunani.

Mai Shayi: Raƙumi jika 5 na biya awa ɗaya.

Hajiyar Agadasawa: Jika 5? Mu jika 15 aka karɓa kowane mutum, ga rasit ma babu.

Ɗan Tanut: Ni ko dala ban biya ba. Ka je kasuwar dabbobi da yamma ka gaida mai raƙumi da mutunci, ka saya masa sukari da ganyen shayi.

Hajiyar Agadasawa: Kai ɗan gida ne, ɗana. Mu da an ji "naira" a bakinmu farashi ya tashi.

Tsohon Direba: Ita 'yar gari ai ba za ta faɗi laifin garinsu ba. Wanda aka cuta shi ya san hanya.

'Yar Abzin: Baba, wace shekara ka zo?

Tsohon Direba: 2012.

'Yar Abzin: To ko UNESCO ba ta sa garin cikin kayan tarihin duniya ba lokacin, sai 2013. Shawarar taka ta girmi yaran da ake tambaya a kansu.

Ɗan Tanut: Ni abin da zan ce, ka zo da katin shaida da katin rigakafi na kowa, har yaran. In babu, kowane shinge sai an sauke ku.

Hajiyar Agadasawa: Ko akwai ma sai an sauke ka! Takarduna cif, aka tara katunanmu aka shige ɗaki, aka riƙa kiran suna ɗai-ɗai, jika-jika. Na ce na mene ne, aka ce in zauna a benci in huta. Sai da direba ya fara hon na miƙa.

Ɗan Tanut: Hajiya, mu ma in mun shigo naku ɓangaren haka ne. Daga iyaka zuwa Daura na gaji da ƙirga shingaye, kowa da sandarsa mai ƙusa.

Ɗan Fagge: Na dai ce Dubai.

Baban Walid: To yanzu katin rigakafin nan, 'yar shekara 6 ma sai an yi mata?

Tsohon Direba: A wane shingen aka karɓi naki, Hajiya, kafin Tanut ko bayanta?